Faɗuwar da Zalɓe Bai Yi Ba

Ƙanena bai taɓa faɗowa daga kan rufi ba. Na fara da wannan ne domin in kuka shiga layinmu a watannin baya kuka tambayi ko mai shagon bakin titi, ce muku zai yi, "Wayyo, Zalɓe mai rufin kwano? Ai faɗowa ya yi, bayansa ya taɓu." Haka kowa ya sani, haka mahaifiyarmu ta sani. Ƙarya ce, kuma don a tsare ran tsohuwar aka yi ta. Amma ku bari in gaya muku wane ne shi tukuna.

Zalɓe sunan tsokana ne, ni na laƙaba masa tun yana yaro, saboda ƙafafu. Allah ya ba shi su dogaye sirara, in ya tsaya sai ya naɗe ɗaya a bayan ɗaya, ya yi shiru yana kallon wurin da babu kowa. Inna ba ta son sunan. Ita Auta take ce masa, har lokacin da furfura ta fara leƙo masa a gemu. A ƙasa ba shi da kataɓus ko kaɗan. Zai yi tuntuɓe da tabarma, ya kifar da shayi, a aike shi sayen allura ya dawo da zare. Amma ya taka tsani ya hau sama, wallahi sai ka rantse musanya shi aka yi.

Ba ya hawa da takalmi. A kan layin ƙusa ake takawa, in ji shi, domin a ƙarƙashinsa katako yake. Tsakanin layi da layi kuwa babu komai sai iska da ɗakin mutane. A tsohon rufi, inda tsatsa ta cinye kan ƙusoshin, ido ba ya gani, sai ƙafa. Zai ɗora babban yatsa ya ɗan danna, in katakon ya ruɓe ya ji ya yi masa laushi, sai ya janye ya nemi wani wuri. Tafin ƙafarsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. Da rana tsaka, kwanon da kai ba za ka iya ɗora masa hannu ba, shi yana tafe a kai yana fito.

In ya dawo da yamma ya zauna a bakin ƙofa yana wanke ƙafa, sai ya riƙa ba mu labarin sama kamar wanda ya dawo daga wata ƙasa. Wai a can akwai ƙwallayen yara da suka shekara suna jiran a ɗauko su har rana ta koɗar da su. Akwai takalmi wari guda. Akwai tsohuwar taya da aka danne kwano da ita, ciyawa ta tsiro a cikinta har ta yi fure. Wai in ka tsaya cik a kan gida kana jin gidan ta ƙafarka: keken ɗinki, rediyo, kukan jariri, miji da mata suna faɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Na ce masa, "Au, ashe gulma kake zuwa yi." Ya ce, "Yaya, daga sama ba a jin me ake cewa. Kawai dai za ka san gidan da rai."

Ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da aboki, Gajere, tun suna koyon sana'a a wurin maigida ɗaya. In sun jero a titi sai yara su yi ta dariya, ɗaya kansa na neman taɓa waya, ɗaya ko aljihun ɗan'uwansa bai wuce ba sosai. Rabon aikinsu a fili yake. Gajere ne ke aunawa, ya yanka, ya kafa katako. Zalɓe ya biyo shi da kwano. Wato duk inda ƙanena ya ajiye ƙafa, a kan aikin Gajere ya ajiye ta. Gajere maraya ne, kuma Inna ta ɗauke shi ɗa. In ta zuba abinci kwano biyu take rufewa.

Hiroyin sunan mugun kayan mayen da ya shigo mana gida, amma mu ba mu taɓa kiran sunansa ba, "abin nan" muke cewa. Ya samo shi ne a wani babban aiki a bayan gari, inda aka yi watanni ana rufa manyan ɗakunan ajiya, ma'aikata suna kwana a wurin. Wani ya ba shi, ya ce yana sauke gajiya. Ya sauke gajiyar kuwa, ya haɗa da komai. Kayan aikinsa suka riƙa ɓacewa ɗaya-ɗaya. Matarsa ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ta tafi, kuma ni ban ga laifinta ba. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba ko a lokacin da ya fi lalacewa: in ya sha ba ya hawa. Zai kwana da yunwa, amma ba zai taka tsani da abin nan a jikinsa ba. Ka ji min mutum, ya sayar da agogon babanmu amma yana jin kunyar kwano.

Inna ce ta fito da shi. Ta shiga ɗaki da shi ta turo ƙofa, ta ce ko su fito tare ko a fito da gawa biyu. Ina daga waje ina jin amai da makyarkyata da kuka irin na babban mutum, wanda ba na fatan in ƙara ji. In ƙafafunsa suka fara shure-shure sai ta rungume su a ƙirjinta. Daga nan ta riƙa binsa asibiti da ƙafarta har ya tsaya da kansa. Shekaru suka wuce lafiya lau, ya yi ƙiba, ya koma sama. Inna takan ce wa baƙi, "Wannan sau biyu na haife shi." Amma aikin ya bar mata hawan jini, kuma likita ya ja mana kunne cewa kada a tayar mata da hankali. Ita ma da bakinta ta faɗa wata rana tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba: "Ranar da Auta ya koma wa abin nan, kada ku wahalar da kanku kai ni asibiti."

To, ya koma. Damina ce, an jera kwanaki ana ruwa, babu mai hawa rufi. Yana zaune a shagonsu yana sauraron ruwa a kan kwano, sai ga wani daga cikin tsofaffin abokan shansa ya shigo fakewa, da abin nan a aljihu. Sau ɗaya ya yi, kuma daidai yadda ya saba a da ya sha.

Gajere ne ya same shi da safe, kwance a ƙasa tsakanin kwanukan da aka jingine, idonsa biyu, yana kallon sama hankali kwance. Ya ce, "Gajere, duba min ko ƙafafuna suna nan." Gajere ya ɗauka wasa ne, ya kai masa ɗan shuri. Bai ji ba.

Da na isa asibiti an riga an sa masa robar fitsari, domin mararsa ta cika tam ya kasa yi. Likitar mace ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta ɗauki allura ta fara tsikararsa tun daga yatsu tana hawowa. Ƙauri, gwiwa, cinya, cibiya. Yana kallonta kamar jikin wani ake tsikara. Sai da ta kai ƙasan haƙarƙari sannan ya ce, "Nan." Aka shigar da shi na'urar hoto, aka fito. Ta kira ni gefe ta ce babu ƙashin da ya karye, babu ko tsagewa. Lakarsa ce ta kumbura, wato jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya mai kai saƙo daga kai zuwa ƙafa, kuma kumburin ya tare hanya. Ta tambaye shi a gabana me ya sha, ya faɗa mata bai ɓoye ba. Ta gyaɗa kai. Ta ce akan ga haka jefi-jefi, musamman ga wanda ya daɗe da bari sannan ya koma. Kamar jiki ne ke yi wa abin bore, boren ya faɗa kan laka, amma su kansu ba su gama sanin dalili ba. Za su yi masa allurai masu sauke kumburi. Wasu sukan tashi, wasu sukan samu rabi, wasu ba sa samun komai. Na ce, "Shi fa?" Ta ce, "Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Ina can ina neman inda zan zauna, ashe Gajere ya tafi gida wurin Inna. Ban aike shi ba. Daga baya maƙwabciyarmu ta ba ni labarin yadda aka yi. Ya durƙusa ya ce, "Inna, Auta yana asibiti. Faɗowa ya yi."

Inna ta dube shi ta ce, "Auta ba ya faɗowa."

Kun ga inda ƙaryar ta maƙale. Da wata uwa ce da ta sa salati kawai. Amma Inna ta san ɗanta, ta san ko makaho ya zama ba zai kuskure layin ƙusa ba. Gajere ya ga idonta ya fara juyawa zuwa inda ba a so, sai ya yi maza ya ce, "Ba kuskurensa ba ne, Inna. Katakon ne ya karye. Ni na kafa shi, ruɓaɓɓe ne, ban duba ba."

Ta ƙura masa ido. Sannan ta ce, "Yaron da na ciyar da hannuna. Allah ya isa tsakanina da kai. Kada ƙafarka ta ƙara taka min gida."

Ni da na ji, cewa na yi madalla. Uwata tana numfashi, ba shi ke nan ba? Ran Gajere ya ɓaci na ɗan lokaci, ai ba mutuwa zai yi ba. Haka na lissafa, kuma ko yau ban ga wautar lissafin ba.

Bayan makonni aka sallamo shi a keken guragu. Muka sa masa gado a ɗakin baya, kusa da taga mai kallon lungu. Na jawo keken ɗinkina zuwa bakin ƙofarsa don in riƙa jin motsinsa. Maganin da asibiti ke ba shi don kada kwaɗayin abin nan ya taso, na ce wa Inna na ciwon baya ne. Kullum da hantsi takan shigo da kwalbar mai, ta zauna a ƙarshen gado, ta ɗora ƙafafun a cinyarta tana murzawa tana yi musu faɗa. "Ku tashi mana. Wane irin barci ne wannan? Ba ku da kunya, tsohuwa tana yi muku hidima?"

Shi kuwa wani abu ya same shi da ban san sunansa ba. Ka taɓa ƙafar ba ya ji, amma daga ciki tana yi masa zafi, zafi sosai, tun ba da rana ba. Likita ta ce jijiyoyin ne ke aika saƙon ƙarya. Shi bai yarda ba. Ya ce ya san wannan zafin, zafin kwano ne da azahar. Wata rana ina ɗinki ya kira ni a hankali, idonsa a rufe.

"Yaya, sun tafi aiki."

"Su wa?"

"Ƙafafun. Yau suna kan makarantar nan mai jan rufi. An taso yara, ina jin gudunsu."

Na ce, "To ka ce musu in an biya su su biyo ta kasuwa su sayo min zare." Ya yi murmushi bai buɗe ido ba. Daga ranar kullum sai ya gaya min inda suke. Yau suna kan gidan burodi, inda ɗumi ke tasowa ta ƙasa rana na dukan ta sama. Gobe suna kan tashar mota, kwano na rawa in babbar mota ta tashi. Wani lokaci suna tsallakawa daga gida zuwa gida ba tare da sun sauko ba, unguwa guda, har su kai inda gari ya ƙare, su tsaya a bakin rufi na ƙarshe suna kallon fili. Yakan faɗe shi a sanyaye, yana jan magana, labule na kaɗawa a kansa. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, amma sai in tsinci kaina na cire ƙafa daga kan keke ina saurare. Har nakan ji kamar gidan namu ya ɗan ɗaga.

Gajere yakan zo ta lungu in ya daidaici Inna tana barcin rana. Tagar ta fi shi tsawo, hularsa kawai ake gani tana motsi. Ba ya tambayar jiki. Cewa yake, "Yau ina suka je?" In Zalɓe ya faɗa masa, sai hular ta gyaɗa. "Ka ce musu su yi hankali da kusurwar hagu, tun bara na ga ta fara cin ruwa." Su yi ta hira a haka, babba da babba, kan aikin da babu mai yin sa. Ban taɓa jin Gajere ya kawo kukansa ba. A bakin mutane na ji cewa an daina kiransa aiki. Wa zai ba da rufin gidansa ga wanda katakonsa ya karye a ƙarƙashin amininsa? Ya bar shagon, ya koma gindin wata bishiya a bakin titi yana ƙera kujerun tsuguno da akurkin kaji.

Masu dubiya su ne suka ɓata mana komai, Allah ya shirye su. Kowa ya shigo, bayan sannu sai, "Wai yaya aka yi ka faɗo?" Dole ya ba da amsa, Inna tana zaune. Da farko cewa yake bai tuna ba. Suka ƙi haƙura. Sai ya fara ƙirƙira: gida mai hawa biyu, iska, ƙarar katako, sama ta juya. Mutumin da bai taɓa faɗowa ba, daga ina zai san yadda ake yi? Ya aro daga wani kwano da ya taɓa suɓuce musu, ya yi ta lilo a iska kafin ya kai ƙasa. Duk zuwan baƙo labarin sai ya ƙara nama. Inna takan ƙarasa masa wuraren da ya manta, ta rufe da Allah ya isa.

A cikin haka jin taɓi ya ɗan sauko masa zuwa cibiya, kuma babban yatsan hagu ya fara motsi in ya ƙura masa ido. Inna ta yi ta hamdala har da hawaye. Likita ta ce alheri ne, amma kada mu yi gaggawar sayen takalmi. Sai dai shi ban ga farin ciki a fuskarsa ba. Wata rana ina canza masa zanen gado ya riƙe min hannu.

"Yaya, jiya na tuna faɗuwar."

"Wace faɗuwa kuma?"

"Tawa. Har ƙarar katakon na ji, har warin ruɓarsa. Da Gajere ya zo taga, wallahi haushinsa na ji. Sai da ya tafi na tuna babu katakon." Sannan ya ce, "Yanzu duk inda suka je, da sun kai baki sai su zame. Kun sa ina faɗowa kullum. Zan gaya wa Inna."

Raina ya ɓaci, na fizge hannuna. Na ce, "Ka gaya mata mana! Ka cinye ƙafarka, yanzu uwata kake so ka haɗa? In ka buɗe bakin nan, wallahi ni da kai ne." Ya juya fuska bango. Na fita ina huci, na je bayan gida na yi kukana, domin tausayinsa nake ji kamar raina zai fita, kuma tsoro ya fi tausayin yawa.

Damina ta sake zagayowa, ɗakin Inna ya fara yoyo, daidai saitin gadonta. Na ce a kira wani ya duba. Ta ce babu mai hawa rufin da Auta ya yi sai Auta, in ya tashi ya gyara abinsa. Ta jera robobi da tukwane, ta ja gado gefe, ruwan ya bi ta. Katifa ta jiƙe, tari ya kama ta, ta ƙi ji ta ƙi gani. Zalɓe daga gadonsa yana jin ɗigar, ya san ma wace ƙusa ce ta saki. Ina zargin ta taga maganar ta fita.

Ranar da abin ya faru an ɗauke ruwa da azahar, gari ya yi luf, Inna ta kwanta. Ina zaune a bakin ƙofar Zalɓe sai na ji tsani ya taɓa bango a hankali. Sai taku a sama, ɗaya bayan ɗaya, na mai ɗauke numfashi. Zalɓe ya rufe ido. Fuskarsa ta saki irin yadda ban ga ta yi ba tun kafin asibiti. Ya ce a hankali, "Yana kan layi. Saura uku ya kai." Ban san me ya hana ni tashi in kori Gajere ba. Hasken bayan ruwa ya shigo ta taga ya kwanta a kan zanen gado, ana tafiya a samanmu, ni da ƙanena muka yi tsit muna bin takun da ido kamar muna ganinsa ta cikin silin.

Inna ma ta ji. Ta fito tsakar gida ba takalmi, ɗankwali a hannu, fuskarta a washe. Barci bai gama sakinta ba, na san abin da ta zata: Auta ne ya tashi ya hau. Ta ɗaga kai tana kare rana da hannu. Sai ta ga hular.

Ban taɓa sanin tsohuwar nan tana da sauran murya haka ba. "Sauko! Sauko min daga kan gida, mugu! Ka karya min ɗa bai ishe ka ba, ka zo ka rusa min ɗaki a kai?" Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Maƙwabta suka firfito, mata a bakin ƙofa, maza a lungu. Gajere ya sauko da guduma a hannu, ya ajiye ta, ya durƙusa a cikin taɓo. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Ta ɗauki robar ruwan yoyon ta watsa masa. Bai goge fuska ba. Wani daga cikin mazan ya ce, "Kai ma dai ba ka da kunya." Gajere ya tashi, ya saɓi tsaninsa ya fita, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Inna!"

Daga ɗakin baya kiran ya fito, da ƙarfin da ya sa kowa ya waiwaya. Na ruga don in riga ta, na tsaya a kansa ina zare masa ido. Ko kallona bai yi ba. Ya dafa ya ɗaga kansa da gwiwar hannu, taga a buɗe, mutane cike da lungu. Inna ta shigo tana haki.

"Inna, ban faɗo ba."

"Me ka ce?"

"Babu katakon da ya karye. Ranar ko tsani ban taka ba. Komawa na yi wa abin nan. Shi ya taɓa min laka. A shago Gajere ya tsince ni, ya zo ya ɗora wa kansa don kada ki ji."

Na lalubo kwalbar maganinta a aljihu na riƙe, ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta zauna a kan kujerar ɗinkina, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Ana jin ɗigar ruwa daga ɗakinta.

Ta ce, "Wa ya ɓata maka rai?"

"Babu kowa."

"Me ka rasa?"

"Ban rasa komai ba, Inna. Ruwa ake yi, ina zaune. Na so in gani ne ko abin nan ya manta da ni."

Ta daɗe tana kallon ƙafafun, suna ƙyalli da man da ta shafa musu da safe. Na miƙa mata maganin, ta karɓa ta haɗiye ba ruwa. Sannan ta ɗaura ɗankwalinta ta ce min, "Ke, miƙo min takalmi da mayafi. Kin san inda yaron nan yake zama?"

Muka ratsa mutanen, babu wanda ya iya ce mana sannu. Tana gaba ina binta, tsohuwar da sai an riƙe ta take tsallake kwata. Muka same shi a gindin bishiyarsa, ya jingine tsani, yana zaune a kan akurkin da bai gama ba, rigarsa a jiƙe. Da ya hango mu ya miƙe zumbur. Kafin ya yi magana Inna ta dafa ƙasa ta durƙusa a gabansa, a bakin titi, motoci na wucewa. Gajere ya ruɗe, ya zube shi ma yana neman ya fi ta ƙasa, yana cewa, "Inna, don Allah, Inna, tashi."

Ta ce, "Na janye. Duk abin da bakina ya faɗa a kanka na janye shi, Allah shi ne shaida. Ka yafe min, ɗana."

Ya ce, "Ni ne na yi miki ƙarya, Inna."

Ta ce, "Ka yi. Gobe ka zo ka ƙarasa aikinka, ka ci abinci."

Ni na tsaya a gefe ina share hanci da bakin mayafi, haushi da kunya da daɗi duk sun cakuɗe min. Sai da muka kama ta mu biyu sannan ta iya miƙewa.

A hanyar dawowa kuwa da ƙyar take ɗaga ƙafa, ta jingina da ni. Da muka shiga gida ta nufi ɗakin baya, na ce a raina Alhamdulillahi. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Yana kwance yana kallonta, idonsa jawur, ya buɗe baki zai yi magana. Ta daɗe a tsaye, hannunta a jikin labule. Sannan ta sake shi ya rufe, ta juyo gare ni.

"Ki tambayi ƙanenki ko ya ci abinci."